Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Manchester United: Wa Kuka Tanada Ya Gaji Wanda Zai Tafi?

Zuwa ga iyalan Glazer, da Sir Jim Ratcliffe, da dukkan mambobin kwamitin gudanarwar Manchester United,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto muku wannan wasiƙa ne a matsayina na ɗaya daga cikin miliyoyin magoya bayan wannan ƙungiya. Maganar da nake tafe da ita ta shafi ofisoshin da ke bayan fili, wato kujerar shugaban gudanarwa, da ta daraktan wasanni, da ta shugaban masu nemo ƴan wasa, da sauran muƙaman da kyamara ba ta cika haska masu riƙe da su ba. Tun daga shekarar 2013 mutane suke hawa waɗannan kujeru suna sauka, wani ya yi murabus, wani a sallame shi, kuma kusan duk lokacin da hakan ta faru sai mu ga ƙungiyar ta tsaya cik tana lalube, alamar cewa ba a tanadi kowa ba kafin ranar ta zo. Tafiyar ma'aikaci ba abin mamaki ba ce a ƙwallon ƙafa ta zamani, domin duk wanda ya ƙware akwai masu zawarcinsa, wanda ya gaza kuma ba a barinsa. Abin da ke damuna shi ne yadda kowane mai tafiya yake tafiya da tsarin aikin gaba ɗaya, sai wanda ya biyo bayansa ya fara daga tushe.

Ina roƙonku ku koma ga bazarar 2013, domin a nan ne ɓarakar ta fara. A kakar da ta gabace ta ƙungiyar ta lashe gasar Premier da maki 89, ta ba Manchester City tazarar maki 11. A watan Fabrairu David Gill, wanda ya riƙe kujerar shugaban gudanarwa tun 2003, ya sanar da cewa zai sauka a ƙarshen Yuni, sannan a watan Mayu kocin ƙungiyar, Sir Alex Ferguson, ya sanar da ritayarsa bayan fiye da shekara 26 da kofuna 38. Cikin ƴan makonni ƙungiyar ta rasa mutum biyun da duk wani ciniki da duk wata babbar shawara ke bi ta hannunsu. Aka miƙa ofishi ga Ed Woodward, wanda ƙwarewarsa ta fi ƙarfi a harkar banki da tallace-tallace, aka miƙa fili ga David Moyes daga Everton da kwantiragin shekara shida. Moyes kuma ya zo da mataimakansa, don haka Mike Phelan da René Meulensteen da Eric Steele, waɗanda suka san halin kowane ɗan wasa a Carrington, sansanin atisayen ƙungiyar, su ma suka kama gabansu. Da Gill ya jinkirta tafiyarsa da shekara guda, ko da an riƙe mataimakan Ferguson, da sabon koci ya samu wanda zai jingina da shi. Ferguson yana da shekara 71 a lokacin, kuma tun a 2001 ya taɓa sanar da niyyar yin ritaya kafin ya janye, saboda haka babu wanda zai ce ranar ta zo ba zato.

Kowa ya ga abin da ya biyo baya a kasuwar musayar ƴan wasa ta wannan bazara. An yi ta bin Cesc Fàbregas, Barcelona ta ƙi sallamawa. Cinikin Ander Herrera ya wargaje a ranar ƙarshe, sai bayan shekara guda aka iya kammala shi. A daren rufe kasuwa aka sayi Marouane Fellaini a kan fam miliyan 27.5, alhali kwantiraginsa da Everton yana ɗauke da sharaɗin da ya ba da damar sayensa a kan fam miliyan 23.5 har zuwa ƙarshen Yuli, aka yi sakaci wa'adin ya wuce. Wanda ya horar da Fellaini shekara biyar a Everton shi ne kocin da ke nemansa, don haka ba za a ce ba a san da sharaɗin ba. Abin da ya faru shi ne sabon koci da sabon shugaban gudanarwa suna koyon aiki a lokaci guda, babu na uku da zai ce musu ga yadda ake yi. Ƙungiyar da ta ɗauki kofi ta ƙare ta bakwai da maki 64, aka sallami Moyes a watan Afrilun 2014 kafin ya cika shekara ɗaya.

Abin da ya ƙara min takaici shi ne wannan ƙungiya ta taɓa shan irin wannan wahala, kuma labarin yana rubuce a tarihinta. Sir Matt Busby ya bar horarwa a 1969, shekara guda bayan ya ɗauko Kofin Turai, aka naɗa Wilf McGuinness yana da shekara 31, Busby kuma ya ci gaba da zama a samansa a matsayin babban manaja, har ƴan wasa suka rasa gane wanda ke da wuƙa da nama. Aka cire McGuinness a ƙarshen 1970, Busby ya dawo na ɗan lokaci, Frank O'Farrell ya zo ya tafi, a 1974 kuma ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Daga 1967 ba ta sake ɗaukar kofin babbar gasar Ingila ba sai a 1993. A wannan shekara ta 1974 ɗin dai Bill Shankly ya ajiye aiki a Liverpool ba tare da an yi tsammani ba, amma mataimakinsa Bob Paisley ya karɓa ya lashe gasar sau shida da Kofin Turai sau uku, daga shi sai Joe Fagan, sai Kenny Dalglish, dukkansu daga cikin gida. Ƙungiyoyi biyu maƙwabtan juna suka rabu da manyan jagororinsu a kusan zamani ɗaya, ɗaya ta nutse, ɗaya ta ƙara bunƙasa, kuma bambancin yana ga mutanen da aka raina a ƙasa kafin babban ya tafi.

Bayan Moyes, ƙungiyar ta shafe shekaru ba ta da daraktan ƙwallon ƙafa, ba a ƙirƙiri wannan muƙami ba sai a watan Maris na 2021 da aka naɗa John Murtough. A tsawon wannan lokaci koci ne ke tsara irin ƴan wasan da za a saya, kuma kowane koci da irin ƙwallon da yake so. Louis van Gaal ya zo da salon riƙe ƙwallo, aka sayo masa Ángel Di María a kan fam miliyan 59.7, aka sayar da shi ga Paris Saint-Germain bayan shekara ɗaya. José Mourinho ya zo da salo dabam, aka dawo da Paul Pogba a kan fam miliyan 89, ɗan wasan da ya bar ƙungiyar zuwa Juventus a 2012 bayan kwantiraginsa ya ƙare, ya kuma sake barinta a 2022 ba a karɓi ko sisi ba. Ole Gunnar Solskjær ya gaji ƴan wasan mutum biyu, ya ƙara nasa. Erik ten Hag ya zo ya tara waɗanda ya sani a Ajax, cikinsu har da Antony da aka biya fiye da fam miliyan 80 a kansa, aka sayar da shi ga Real Betis a 2025 a kan abin da bai kai sulusin wannan kuɗi ba. Ban ɗora laifin a kan waɗannan kociyoyi ba, domin duk kocin da aka tambaye shi wanda yake so zai ambaci wanda ya sani. Aikin ofishi ne ya riƙe tsarin da zai wanzu bayan kocin ya tafi, kuma ofishin bai riƙe ba. Ko Ralf Rangnick, wanda ya gina irin wannan tsari a Leipzig da Salzburg, aka kuma sanar da cewa zai zama mai ba da shawara na shekara biyu bayan ya gama riƙon ƙwarya, an soke wannan shiri a watan Mayun 2022 kafin ya fara aiki.

Lokacin da Sir Jim Ratcliffe ya sayi kashi 27.7 cikin ɗari na ƙungiyar a watan Fabrairun 2024, ya kuma karɓi ragamar ɓangaren ƙwallo, da yawa daga cikinmu mun yi farin ciki, domin maganarsa ta farko a kan gyara tsarin shugabanci ce. Amma ku dubi yadda kujerar koli ta yi ta sauya hannu. Woodward ya sauka a farkon 2022, Richard Arnold ya karɓa ya tafi a Nuwamban 2023, Patrick Stewart ya riƙe ƙwarya, Jean-Claude Blanc ya riƙe bayansa, sannan Omar Berrada ya fara aiki a watan Yulin 2024. Mutum biyar ke nan a kujera ɗaya cikin shekara biyu da rabi. Murtough ya tafi a watan Afrilun 2024, kuma wanda aka zaɓa ya jagoranci ɓangaren ƙwallo, Dan Ashworth, yana zaune a gida cikin hutun dole da Newcastle ta sa shi tun watan Fabrairu, ana ja-in-ja a kan kuɗin diyya.

Wannan hutun dole shi ne abin da ya sa nake ganin batun magaji ya fi muhimmanci a ofishi fiye da a benci. Idan aka sallami koci yau, ana iya samun wani cikin mako biyu. Babban jami'i kuwa yana ɗauke da sirrin ƙungiyarsa, ya san ƴan wasan da take hari, ya san albashin kowa da sharuɗɗan kwantiraginsa, shi ya sa ƙungiyar da zai bari takan tsare shi watanni kafin ta sake shi. An sanar da naɗin Berrada daga Manchester City a watan Janairu, bai zauna a ofishinsa ba sai Yuli. Ashworth ma sai ranar 1 ga Yuli ya fara. A cikin wannan giɓi aka yanke shawara mafi girma ta shekarar, wato ci gaba da aiki da ten Hag bayan ya lashe kofin FA, kuma su biyun sun bayyana daga baya cewa an yanke ta kafin zuwansu. Aka tsawaita kwantiraginsa, aka kashe kusan fam miliyan 200 a kan sababbin ƴan wasa, sannan aka sallame shi a ƙarshen Oktoba.

Labarin Ashworth shi ne ya fi tsaya min a rai. Sir Jim da bakinsa ya ba shi maki goma bisa goma a matsayin daraktan wasanni tun yana Newcastle, aka jira shi watanni, aka biya diyya. Ranar 7 ga Disamban 2024 Nottingham Forest ta doke ƙungiyar da ci 3 da 2 a Old Trafford, washegari aka sanar da cewa an raba gari da shi, bayan wata biyar kacal a bakin aiki. Bayanan kuɗi na ƙungiyar sun nuna cewa sallamar ten Hag da mataimakansa ta ci fam miliyan 10.4, batun Ashworth kuma ya ci fam miliyan 4.1. Sir Jim ya fito ya amince cewa an yi kuskure a duka biyun, kuma ina girmama shi saboda wannan gaskiya da ya faɗa. Sai dai wanda ya yi aiki a West Bromwich Albion da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila da Brighton da Newcastle, ya kuma koma hukumar a 2025 a babban muƙami, bai zama marar iya aiki cikin wata biyar ba. Abin da mai kallo daga waje ke fahimta shi ne an ɗauko shi ba tare da an fayyace iyakar ikonsa ba, tsakaninsa da shugaban gudanarwa da daraktan fasaha da wakilan INEOS, kamfanin Sir Jim. Ruben Amorim, wanda aka ɗauko daga Sporting a Nuwamban 2024 da salon ƴan baya uku da yawancin ƴan wasan ba a saye su dominsa ba, ya ƙare kakarsa ta farko a mataki na 15, a watan Janairun 2026 kuma shi ma aka sallame shi.

Duk wannan ya faru ne a daidai lokacin da aka rage ma'aikata kusan 250 a 2024, aka kuma sanar da rage wasu har zuwa 200 a Fabrairun 2025. Na san ƙungiya tana da ikon rage kashe kuɗi, na kuma san an daɗe ana tafka asara. Amma a cikin waɗanda suka tafi akwai masu nemo ƴan wasa da masu nazarin wasa da ma'aikatan ofis da suka shafe shekaru suna aiki, kuma kowannensu ya tafi da abin da ya sani, irin su wakilin da ake iya amincewa da maganarsa, da ƙungiyar da ke sassautowa idan kasuwa ta kusa rufewa, da yaron da ke buƙatar a bi shi a hankali. Yana da wuya a shawo kan ma'aikacin da ya rage cewa ana tsimi, alhali yana ganin miliyoyin da aka biya don gyara naɗin da aka yi cikin gaggawa.

Ba sai kun je nesa neman misali ba. Brighton ta rasa wannan Ashworth ɗin a Fabrairun 2022, mataimakinsa David Weir ya hau kujerar nan take. A watan Satumba Chelsea ta ɗauke kocinta Graham Potter tare da mataimakansa, cikin kwana goma aka naɗa Roberto De Zerbi, daga baya shugaban masu nemo mata ƴan wasa shi ma ya bi su Chelsea, amma ƙungiyar ta ƙare ta shida a wannan kaka, ta samu gurbin gasar Turai karo na farko a tarihinta. Shugabanninta, Tony Bloom da Paul Barber, ba su ɓoye ba cewa suna ajiye sunayen waɗanda za su iya maye gurbin kowane babban ma'aikaci tun yana kan aiki. Manchester City ta ɗauko Ferran Soriano da Txiki Begiristain a 2012, shekara huɗu kafin Pep Guardiola ya iso, wato an gina ofishin kafin a kawo kocin. Da Begiristain ya tashi tafiya, an sanar tun Oktoban 2024 cewa Hugo Viana ne zai gaje shi, suka yi aiki tare kafin ya miƙa masa ragama a bazarar 2025. Jürgen Klopp ya sanar da Liverpool da duniya a Janairun 2024 cewa zai tafi, masu ƙungiyar suka fara da dawo da Michael Edwards da naɗa Richard Hughes, sannan waɗannan suka zaɓo Arne Slot, wanda salonsa ya dace da ƴan wasan da ke ƙasa, ya kuma lashe gasar a kakarsa ta farko.

Na sani tanadi ba ya hana ƙaddara. Liverpool ta raini Julian Ward ya gaji Edwards a 2022, amma bayan shekara ɗaya ya sauka, sai da ta nemi wani ya riƙe na ɗan lokaci. McGuinness ma ɗan gida ne, kuma hakan bai cece shi ba. Don haka ban ce dole magaji ya fito daga cikin gida ba, ban kuma ce a riƙe wanda ya gaza don gudun canji ba. Abin da nake cewa shi ne ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ƙungiyar da ke samun kuɗin shiga fiye da fam miliyan 600 a shekara ba ta da uzurin fara neman daraktanta bayan kujerar ta zama babu kowa.

Saboda haka nake roƙonku da ku rubuta, baƙi da fari, wanda ke da maganar ƙarshe a kan ɗaukar koci da sallamarsa, da wanda ke da ita a kan sayen ɗan wasa, ta yadda duk wanda za ku ɗauka aiki zai ga iyakarsa kafin ya sa hannu. Jason Wilcox, wanda ya zo daga Southampton a 2024 aka ɗaga shi zuwa daraktan ƙwallon ƙafa a 2025, da Berrada, da duk wanda ke jagorantar nemo ƴan wasa ko makarantar matasa ko sashen lafiya, kowannensu ya kamata ya kasance da mataimakin da ke shiga taro tare da shi, yana zama a teburin ciniki, ya san inda kowace magana ta kwana, har ya iya riƙe ofishin wata shida ba tare da aiki ya tsaya ba. A ajiye kuma sunayen mutanen waje da ake bibiya, a riƙa sabunta su kowace shekara, tare da sanin tsawon hutun dolen da ke cikin kwantiragin kowannensu. Rahotannin masu nemo ƴan wasa da bayanan ciniki su zama mallakin ƙungiya a rumbun da kowane magaji zai tarar, kada su tsaya a wayar mutum ɗaya. Kada kuma ku sake yarda koci da shugaban gudanarwa su tafi a bazara ɗaya idan akwai yadda za a yi a raba lokacin.

Mafi muhimmanci a wurina shi ne ƙungiyar ta yanke irin ƙwallon da take son bugawa, ta rubuta shi, ta riƙa zaɓen koci da ɗan wasa da darakta a kan wannan ma'auni. Wannan ba baƙon abu ba ne a Old Trafford. Tun daga watan Oktoban 1937 ba a taɓa fita wasa ba tare da aƙalla ɗan wasa ɗaya da ya taso daga makarantar ƙungiyar a cikin tawaga ba, kuma wannan al'ada ta tsallake yaƙin duniya, da hatsarin jirgin Munich na 1958, da faɗuwar 1974, da kociyoyi masu yawa, saboda duk wanda ya zo yakan tarar da ita ya kuma san ba tasa ba ce da zai taɓa. Irin wannan dawwama nake nema wa ɓangaren shugabanci.

Ban nemi ku bayyana sunayen waɗanda kuka tanada ba, domin na san hakan zai ɓata aikin, ya kuma tayar da hankalin masu riƙe da kujerun. Amma akwai kwamitin tuntuɓar magoya baya da aka kafa bayan rikicin Super League na 2021, wato sabuwar gasar da wasu manyan ƙungiyoyin Turai suka so su ware su kafa, kuma ina roƙon ku je gabansa kafin a buɗe kasuwar bazara mai zuwa, ku tabbatar masa cewa wannan shiri yana nan a rubuce, ku faɗi muƙaman da ya ƙunsa, da mamban kwamitin gudanarwa da aka ɗora wa alhakin kula da shi, da lokacin da za a riƙa duba shi a kowace shekara.

Na gode da lokacin da kuka ba wannan wasiƙa.

Naku cikin girmamawa,
Wani mai goyon bayan Manchester United